Likimon bairos ɗin hapis: me ke tayar da shi bayan shekaru yana kwance

Mutum ya sha zazzaɓi na kwana uku, ya fara samun sauƙi, sai ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso masa a gefen leɓe. Akan ce zazzaɓin ne ya fito. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin zazzaɓin ne ya tayar da abin, sai dai ba shi ya kawo shi ba. Abin bairos ne mai suna hapis, kuma ya daɗe a jikin, wataƙila tun mutumin yana yaro ƙarami, ya yi likimo a cikin jijiya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da HSV-1, nau'in hapis da ya fi fitowa a leɓe, wato kashi 64 cikin 100 nasu, wasu miliyan 520 kuma 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HSV-2, nau'in da ya fi fitowa a al'aura.

Dangin hapis da ke kama ɗan Adam guda 9 ne, kuma dukkansu sun iya wannan likimo. HSV-1 da HSV-2 da bairos ɗin ƙarambau suna laɓewa a sel-sel na jijiya. Wasu biyu daga dangin, EBV da KSHV, suna shiga sel-sel na garkuwar jiki da ake kira B. Wani kuma mai suna CMV ya fi son sel-sel na ɓargo waɗanda ba su gama nuna ba. Zan fi tsayawa a kan HSV-1, saboda shi aka fi bin diddiginsa, kuma a kansa ne tambayar ta fi armashi.

Yadda yake kwantawa tun farko

Sai an san yadda bairos ɗin ke aiki a fata sannan za a gane dalilin shirunsa a jijiya. DNA ɗinsa yana da haruffa kusan 152,000, ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 80, a cikin wani ƙoƙo mai fuska 20. Tsakanin ƙoƙon da rigar waje akwai guzurin furotin da yake tahowa da shi, kuma mafi muhimmanci a guzurin shi ne VP16. Da ya shiga sel ɗin fata, VP16 yakan haɗu da furotin biyu na sel ɗin, HCF-1 da Oct-1, su uku su zauna a kan wata alama ta DNA ɗin bairos, su kunna ƙwayoyin gado biyar na sahun farko: ICP0, ICP4, ICP22, ICP27 da ICP47. Waɗannan su ke kunna sahu na biyu, masu kwafe DNA. Bayan an kwafe, sahu na uku ya samar da kayan gini, wato ƙoƙo da riga da guzuri, har da sabon VP16 da za a cusa wa 'ya'yan. Cikin ƙasa da kwana guda an gama, sel ɗin ya mutu.

A jijiya lissafin yakan rikice, kuma nisa ne ke rikita shi. Bairos yana shiga ta bakin zaren jijiya da ke cikin fata, amma cibiyar sel ɗin, inda DNA ɗinsa yake, tana can cikin kullin jijiyar fuska, a gindin ƙoƙon kai, santimita da yawa daga leɓe. Wani furotin mai dako, dainin, shi ke jan ƙoƙon a kan siraran hanyoyi na cikin zaren har ya kai shi cibiya. A wannan doguwar tafiya ƙoƙon yakan rabu da mafi yawan guzurinsa, VP16 bai iso tare da shi ba. Ko da kaɗan ya iso, abokin aikinsa HCF-1 a sel ɗin jijiya ba ya zama a cibiya, yana waje. Sai DNA ya shiga cibiya ba mai kunna shi.

Sel ba ya barin baƙon DNA tsirara. Nan da nan bakin zaren biyu suke haɗewa ya zama zobe, sel ɗin ya naɗe shi a jikin histon, ƙananan furotin da yake naɗe nasa DNA a kai kamar zare a ƙwarƙwaro. Daga nan sai a buga wa histon ɗin hatimin rufewa: a liƙa ƙungiyar metil a wutsiyar histon H3, a gurbi na 9 da na 27. Duk wurin da ke da wannan hatimi yakan dunƙule, na'urar karanta ƙwayoyin gado ba ta samun shiga. Zoben ba ya shiga cikin DNA ɗin mutum, yana gefe ne. Sel guda zai iya riƙe ƙasa da kwafi 10, wani kuma ɗaruruwa. A 1971 Jack Stevens da Margery Cook suka tabbatar da wannan maɓoya a ɓeraye: sun ciro kullin jijiyar da ba a ga bairos a cikinsa ba, suka rene shi a faranti, bairos ya fito.

Masu danne shi

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne cewa wannan kwanciya aiki ce da ake yi kullum. Hannaye da dama ne a kan murfin, kuma ɗaya daga cikinsu na bairos ɗin ne da kansa.

Wuri ɗaya tak a zoben yake aiki sosai a wannan lokaci, wanda ke samar da wani RNA, wato kwafin saƙon da ake karantowa daga DNA, mai suna LAT, da aka gano a 1987. Yana fitowa da tsawon haruffa 8,300, a yanke wani yanki mai 2,000 ya taru a cibiya. Daga wannan yanki na zoben ne kuma ƙananan RNA ke fitowa, irin su miR-H2 mai toshe ICP0 da miR-H6 mai toshe ICP4. LAT yana kuma taimaka wa sel ɗin kada ya kashe kansa, domin in gidan ya rushe mai laɓewa ma ya tafi. Sel ɗin jijiya shi ma yana da nasa ƙaramin RNA, miR-138, da ke danne ICP0.

Daga waje kuma akwai sel-sel na garkuwar jiki da ake kira T, masu alamar CD8, da ke tarewa a kullin jijiyar, manne da sel-sel masu ɗauke da bairos. Yadda suke aiki a nan abin sha'awa ne. A ko'ina in suka ga sel mai cuta kashe shi suke yi, amma sel ɗin jijiya ba a maye gurbinsa, don haka a nan sai su fesa intaferon gama, wani sinadarin garkuwa mai hana bairos aiki, su kuma tura wani furotin mai yanka, giranzaim B, ya datse ICP4 ya bar sel ɗin da ransa. Kasancewarsu a wurin shekara da shekaru shaida ce cewa suna ganin ɓurɓushin furotin ɗin bairos lokaci-lokaci. Ke nan zoben yana ɗan yoyo.

Na ƙarshe shi ne lafiyar sel ɗin kansa. Fata tana aika wa jijiya wani furotin na ciyarwa, NGF. Yana kama makarɓinsa TrkA a bakin zare, saƙon ya bi ta jerin furotin na cikin sel, daga PI3K zuwa Akt zuwa mTOR, ma'anarsa kuwa ita ce komai lafiya. Muddin wannan saƙo yana zuwa ba yankewa, zoben yana rufe. In ya yanke, sai labari ya sauya.

Matsalar kaza da ƙwai

Ga inda masu bincike suka daɗe suna kai-komo. Ba a kunna sahun farko sai da VP16. VP16 kuwa ɗan sahu na uku ne, ba a yin sa sai sahun farko da na biyu sun gama aikinsu. A sel ɗin da bairos ya kwanta shekara 20 babu ko ƙwaya ɗaya ta VP16, kuma DNA ɗin yana ƙarƙashin hatimi. To wa zai fara?

Amsar da ta fi ƙarfi yanzu ta fito ne daga gwaje-gwajen da aka yi da sel-sel na jijiyar ɓera a faranti, musamman aikin rukunin Angus Wilson da Ian Mohr a Jami'ar New York da aka wallafa a 2012. Sun nuna cewa tashin zango biyu ne, kuma zangon farko ba ya bin tsarin sahu-sahu ko kaɗan.

A zangon farko, wajen awa 15 zuwa 20 bayan an katse saƙon PI3K, ƙwayoyin gado na kowane sahu suna buɗewa tare, kaɗan-kaɗan, ba tsari. Ba a buƙatar VP16. Ba a kwafe DNA. Ko an zuba maganin da ke hana sel ƙera sabon furotin, RNA ɗin yana fitowa, abin da ke nuna cewa kayan aikin sel ɗin ne ke yin komai, bairos bai sa hannu ba tukuna.

Yadda aka karanta DNA mai hatimi ba tare da an cire hatimin ba, shi ne abin da Anna Cliffe da abokan aikinta suka warware a 2015. Idan sel ɗin jijiya ya shiga matsi, yakan kunna wani furotin na ƙararrawa, DLK, shi kuma ya kunna JNK. Wannan hanya ce da jijiya ke bi idan an ji wa zarenta rauni. Sakamakon kunna JNK, sai a liƙa ƙungiyar fosfet a gurbi na 10 na wutsiyar histon H3, daf da gurbi na 9 mai metil. Metil ɗin yana nan, amma furotin masu gadi da ke riƙe da shi ba sa iya zama kusa da fosfet, sai su saki. Dunƙulen ya ɗan sassauta, na'urar karatu ta samu kafa. Hikimar abin ita ce ana iya komawa: da an cire fosfet, hatimin nan yana jira, zoben ya sake rufewa kamar ba a taɓa shi ba.

Cikin abubuwan da ake ƙerawa a wannan ɗan taƙaitaccen lokaci akwai VP16 sabo fil. Da farko yana taruwa a wajen cibiya. Haka nan matsin yakan sa HCF-1 ya bar mazauninsa ya nufi cibiya. Idan su biyun suka isa da yawan da ya kamata, zango na biyu ya fara, wajen awa 48 a irin wannan gwaji. A nan ne ake kankare hatimin da gaske: ana jawo furotin masu cire metil, LSD1 da JMJD2 ga gurbi na 9, UTX da JMJD3 ga gurbi na 27. ICP0 ya ruguje curin furotin PML da ke tsare baƙon DNA a cibiya. ICP4 ya kunna sahu na biyu. Furotin 7 na bairos suka hau aikin kwafi: UL9 mai gane mafarin, UL5 da UL8 da UL52 masu warware zaren su kafa tushe, ICP8 mai riƙe zaren da aka warware, UL30 mai kwafin kansa da mataimakinsa UL42. Sababbin bairos suka haɗu, wani ɗan dako daban, kainesin, ya mayar da su ta zaren da kakansu ya bi ya shigo. Shi ya sa ƙurajen ke dawowa kusan wuri ɗaya kowane karo.

Tsakanin zangon nan biyu ne ake yin kokawar. An nuna cewa intaferon yana iya kashe yunƙurin idan ya samu sel ɗin a zangon farko, amma da an tsallaka zuwa na biyu ya makara. Yawancin yunƙuri a nan yake mutuwa. Nancy Sawtell da Richard Thompson sun ɗaga zafin jikin ɓeraye masu ɗauke da bairos zuwa digiri 43 a ma'aunin Celsius na minti 10, suka duba kullin jijiyar bayan kusan kwana guda. Cikin ɗimbin sel-sel masu ɗauke da zoben, 'yan ƙalilan ne, sau da yawa ɗaya ko biyu, suka kai ga ƙera bairos. Sun kuma nuna cewa a dabba mai rai, in aka lalata aikin VP16, tashin ba ya kammala.

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwan da aka sani suna tayar da ƙurajen, wato zazzaɓi, zafin rana a leɓe, damuwa, aikin haƙori ko tiyata kusa da jijiyar, duk suna da hanyar isa ga wannan ƙararrawa. Rauni a zare yana kunna DLK kai tsaye. Zazzaɓi da ƙunar rana suna sa jiki ya saki sinadarin kumburi IL-1, wanda ke sa jijiya ta riƙa harba saƙo fiye da kima, kuma an nuna wannan ma ta DLK da JNK yake bi. Sinadarin damuwa, kotisol, yana taɓa sel ɗin jijiya yana kuma raunana masu gadin T. Raunin garkuwa, kamar na wanda aka yi wa dashen gaɓa ko mai HIV da ya yi nisa, ba lallai ya ƙara yawan yunƙurin ba, amma yana ƙara yawan wanda ke tsallakewa.

Kuma ba kowane tsallakewa ke zama ƙurji ba. Da aka riƙa ɗaukar samfur sau huɗu a rana daga masu HSV-2, an ga bairos yana bayyana a fata ya ɓace, kusan rabin lokutan cikin ƙasa da awa 12, mutum bai ji komai ba. Ta haka yawancin yaɗuwar ke faruwa.

Inda gwaji ke yaudara

Wanda zai karanta sakamakon irin wannan bincike ya kamata ya san yadda ake yin sa. Ana ciro kullin jijiyar wuya daga jariran ɓeraye, a rarraba sel-sel ɗin, a rene su da NGF, a sa maganin da ke kashe sel-sel masu rabuwa don jijiya kaɗai ta rage. Sai a zuba bairos tare da maganin hapis asiklobir na kwana 5 zuwa 6, don a hana shi hayayyafa har ya kwanta. A cire maganin, a jira a tabbatar shiru ne, sannan a sa LY294002, mai toshe PI3K. Akan yi amfani da bairos da aka manna wa furotin mai walƙiyar kore a ɗaya daga ƙwayoyin gadon sahu na uku, don a ƙirga sel-sel da suka tashi.

Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Idan sel-sel da ba na jijiya ba suka saura, bairos zai hayayyafa a cikinsu da zarar an cire asiklobir, a ɗauka tashi ne. Idan ba a sa abin da ke hana yaɗuwa ba, bairos daga sel guda zai kama maƙwabta goma, a ƙirga goma sha ɗaya. Idan RNA kaɗai aka auna a awa 18, zangon farko aka gani, wanda ba ya nufin an samu bairos mai kama wani. Ita ma tsohuwar dabarar yanko kullin jijiya a sa a faranti tana da nata aibin: yanka zare duka matsi ne mai tsanani da ba ya kama da zazzaɓi, kuma a can bairos yana iya tashi ko babu VP16. Saɓanin da aka daɗe ana yi kan muhimmancin VP16 daga nan ya samo asali. Ga kuma zaɓin dabba: a ɓera HSV-1 da wuya ya tashi da kansa har ya fito fili, don haka masu son ganin tashi na ɗabi'a sukan koma ga zomo, ga HSV-2 kuma ɓeran Masar.

Sauran dangi

EBV, wanda aka gano a 1964, ya fi sauƙin bayani domin makunninsa a fili yake: furotin biyu, Zta da Rta. Zta shi kaɗai in aka tilasta wa sel ya ƙera shi ya isa ya tayar da komai. A jiki, abin da ke kunna shi shi ne lokacin da sel ɗin B ya gamu da abin da aka halicce shi ya gane, ya fara rikiɗa zuwa mai ƙera garkuwa. Furotin da ke jagorantar rikiɗar, XBP1 da BLIMP1, su ne ke taɓa makunnin bairos. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne Zta ya fi kama DNA da aka yi wa hatimin metil fiye da wanda ba a yi wa ba. Kullen da sel ya sa shi ya zama maƙalar mabuɗin. KSHV yana da makunni guda, RTA, wanda furotin ɗin laɓewarsa LANA ke dannewa, ƙarancin iskar oksijin kuma yana ɗagawa. CMV ya ɗan yi kama da HSV wajen kwanciya: furotin ɗin guzurinsa pp71 ba ya isa cibiya a sel ɗin ɓargo, sai DNA ya rufe, ya jira ranar da sel ɗin zai nuna ya zama makrofej, sel ɗin garkuwa mai haɗiye ƙwayoyin cuta, musamman in akwai kumburi. Shi ya sa yake addabar waɗanda aka yi wa dashe. Bairos ɗin ƙarambau kuwa yakan jira shekaru, har garkuwar T ta yi sanyi da tsufa, sannan ya fito a matsayin ƙuraje masu raɗaɗi da ke bin jijiya ɗaya a ɓari guda na jiki kamar ɗamara. Kusan mutum 1 cikin 3 zai gamu da wannan a rayuwarsa.

Abin da wannan ke nufi ga magani

Asiklobir, wanda ake rubuta acyclovir a jikin kwali, ba ya aiki sai wani furotin na bairos, TK, ya liƙa masa fosfet na farko. Sel ya ƙara biyu, sannan UL30 ya ɗauke shi a zaton harafin DNA ne, kwafin ya tsaya cak. TK da UL30 duka 'yan sahu na biyu ne. Zoben da ke kwance ba ya ƙera su, ba ya kwafi, don haka maganin ba shi da abin kamawa. Wannan ne dalilin da ya sa babu maganin da ke kawar da hapis daga jiki, kuma duk mai tallan cewa yana da shi ba gaskiya yake faɗa ba.

Daga nan kuma ake gane muhimmancin lokaci. Ƙaiƙayi ko zugin da ake ji a leɓe kafin ƙurji ya fito alama ce cewa bairos ya iso fata ya fara kwafi. A wannan gaɓa ce magani ya fi amfani: ga babba mai lafiyar ƙoda, balasiklobir, wanda jiki ke mayarwa asiklobir, giram 2, a maimaita bayan awa 12, shi ke nan. In ƙurji ya riga ya fashe, amfanin ya ragu ƙwarai. Ga ƙurajen ɗamara, giram 1 sau 3 a rana na kwana 7, a fara cikin awa 72 da fitowarsu, kuma in sun taɓa goshi ko tsinin hanci a nemi likitan ido a ranar. Mai yawan samun tashi a al'aura ana iya ba shi miligiram 500 kullum, wanda ba ya hana zangon farko amma yana tare kwafin a duk lokacin da aka tsallaka. Waɗannan magunguna ta ƙoda suke fita, don haka mai ciwon ƙoda ko tsoho sai likita ya rage masa awo, a kuma sha ruwa sosai, domin in suka taru suna iya rikita tunani ko su toshe ƙodar. Idan ƙuraje suka ƙi jin magani a jikin mai raunin garkuwa, galibi bairos ɗin ya lalata TK ɗinsa ne, sai a koma ga foskanet, wanda ke kama UL30 kai tsaye ba tare da jiran TK ba.